Taron likitoci a Montreal cikin Oktoba: ina zan leƙa da ɗan lokacin da nake da shi?

"Salam Dakta, barka da aiki. An karɓi fostata a wani taron likitoci da za a yi a Montreal tsakiyar watan Oktoba, kwana huɗu, a Palais des congrès. Wannan ne zuwana Kanada na farko, kuma na ƙara kwana ɗaya da rabi bayan taron kafin jirgina. Ba na jin Faransanci, guzurin ma ba wani mai yawa ba ne. Abokaina sai cewa suke lallai in je Niagara. Don Allah me ya kamata in gani, kuma ya zan yi da abinci da salla?"

Wa alaikumus salam ƙanina, barka da arziki, Allah ya sa albarka a fostar, wato babbar takardar bincikenka da za ka kafa a wajen taron. In na fahimce ka, abu uku ka haɗa: ya za ka yi taro ka kuma ga gari ba tare da ɗaya ya cinye ɗaya ba, Niagara, wurin nan da ruwa ke kwararowa daga saman dutse, ta kai wahalarta ko ba ta kai ba, sai batun ciki da ibada. Sau biyu na je taro Montreal, duka a watan goma, na farkon ma a wannan zauren da za ku, to abin da zan faɗa maka ilimin baƙo ne mai zuwa ya koma, amma baƙon da ya zo da irin buƙatarka.

Bari in fara da Niagara tunda ita abokai suka sa maka a rai. Ka cire ta. Tsakaninta da Montreal ya haura kilomita 600, jirgin ƙasa zuwa Toronto kaɗai wajen awa biyar ne, daga can kuma sai ka ƙara kusan awa biyu, kaga kwana ɗaya da rabin nan naka duk a kujera zai ƙare, ga kuɗin tikiti ga na otal a wani garin, ga fargabar kada jirginka na gida ya tashi ya bar ka. Niagara tana nan duk shekara ba inda za ta. Abin da ke Montreal a tsakiyar Oktoba kuwa, wato sauyin launin ganyen itatuwa na kaka, sati biyu zuwa uku yake yi ya wuce, kuma mutane daga ƙasashe suke biyan kuɗi su zo ganinsa, kai ga shi taro ya kai ka a daidai lokacin.

Me ya sa kakar can ta zama abin kallo

Mu kaka a wurinmu girbi ne, gero da dawa, sai ciyawa ta bushe hunturu ya shigo. Su ma lokacin girbinsu ne na tuffa da kabewa, amma abin da ya fi ɗaukar ido ganyen itatuwa ne. Idan rana ta fara gajarta dare ya yi sanyi, bishiya takan daina sarrafa sinadarin kulorofil, wanda shi ne koren ganye, ta janye abin amfanin da ke cikin ganyen ta adana a jikinta. Da koren ya gushe sai rawaya da ruwan lemo da dama can suna ciki a ɓoye su bayyana. Jan kuwa sabo ne, ganyen ne ke haɗa shi daga sukarin da ya maƙale a cikinsa, shi ya sa shekarar da aka samu rana tas da yini da dare mai sanyi jan ya fi ƙarfi. Bishiyar maple, wadda ganyenta ke kan tutar Kanada, su suna ce mata érable, ita ce sarauniyar wannan ja, kuma lardin Quebec cike yake da ita.

Abin yana farawa daga arewa da kan tsaunuka ya gangaro kudu. Yankin Laurentides da ke arewa da birnin yakan kai ƙololuwa ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba, cikin birnin kuma yakan ɗan makara zuwa wajen tsakiyar wata. Wannan ya yi maka daidai. Sai dai ba mai iya yi maka alkawarin rana, iska mai ƙarfi da ruwan dare ɗaya suna iya kakkaɓe rabin ganyen. Hukumar yawon buɗe ido ta lardin, Bonjour Québec, tana fitar da taswirar launin ganye a intanet tana sabunta ta duk mako a lokacin, ka duba ta ana saura kwana biyu uku ka tashi.

Kafin ka bar gida

Biza tukuna. In ba ka shigar da takardu ba, yau ɗin nan ka nemi takardar gayyata daga masu taron ka shigar, don sai ka je an ɗauki hoton yatsunka a Abuja ko Legas kuma layin yana iya yin tsawo. A 2022 da aka yi babban taron duniya kan cutar ƙanjamau a Montreal ɗin nan, mahalarta da yawa daga Afirka ba su samu biza a kan lokaci ba, har abin ya zama abin magana a wajen buɗe taron. Kada ka sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa sai biza ta fito. Ka yi inshorar lafiya ta matafiya, mu likitoci mun fi kowa sakaci da wannan, kuma asibiti a can ga baƙo tsada ne da shi sosai.

Kilishi da dambun nama ka bar su a gida, ba a shiga da nama irin wannan, kuma duk abincin da ke jakarka ka bayyana shi a filin jirgi ko da yaji ne. Fostar kuma ka buga ta a kan yadi maimakon takarda, sai ka ninke ta cikin jakar hannu, don ba jirgin da ke zuwa kai tsaye daga Najeriya, sai ka sauya a Faris ko Kasablanka ko Istanbul ko wani wurin, kuma dogon bututun nan na fosta shi ne abin da aka fi mantawa a wajen sauyin jirgi. Soket ɗinsu irin na Amurka ne, ƙarfin wutarsu volt 120, ka sayi adafta.

Sanyi: da rana wajen digiri 12 ko 13, da asuba yakan sauka zuwa 4 ko 5, wani lokacin ƙasa da haka. Ba sai ka sayi ƙatuwar rigar ƙanƙara ba. Singileti, riga, suwaita, sai jaket mai tare iska da ruwa, da hular sanyi da safa mai kauri, saboda cikin zauren taro da metro, wato jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, akwai ɗumi za ka riƙa cirewa kana mayarwa. Takalmin da ka saba tafiya da shi ya fi komai muhimmanci.

Kwanakin taro

Ga abin da na koya. Najeriya tana gaban Montreal da awa biyar a Oktoba, to kwana biyun farko ƙarfe uku ko huɗu na dare idonka zai buɗe tar, kuma da yamma wajen huɗu barci zai danne ka a tsakiyar lacca. Maimakon ka yi ta juyi a gado, ka yi amfani da shi. Asuba tana shiga wajen shida saura kwata, rana na fitowa bakwai da 'yan mintuna, tana faɗuwa shida da 'yan mintuna. Ma'ana idan ka ce sai an tashi taro biyar da rabi za ka fita kallon ganye, duhu za ka tarar. Safiya ita ce taka.

Ka ware safiya ɗaya, wadda zaman farko bai shafi fanninka ba, ka hau Mont Royal. Dutse ne a tsakiyar gari, tsayinsa mita 233, daga sunansa birnin ya samo suna, kuma Jacques Cartier ne ya raɗa masa sunan da ya hau shi a Oktoban 1535. Lambun da ke kansa Frederick Law Olmsted ne ya tsara, mutumin da ya yi aikin Central Park na New York, aka buɗe a 1876. Ka sauka tashar metro ta Peel, ka miƙe titin Peel sama har inda ya ƙare, nan matakala take, kamar hawan Dala ne amma cikin itatuwa, minti ashirin zuwa talatin kana hutawa ka isa farfajiyar Kondiaronk, inda ake tsayawa a hango birnin. In gwiwa ba ta so, bas mai lamba 11 yana ratsa dutsen daga tashar Mont-Royal.

Ranar da na hau, bakwai da rabi na isa, numfashina yana fita kamar hayaƙi, hannuna cikin aljihu. Matakalar katako ta jiƙe da raɓa, ganye ja da rawaya sun manne a kanta, na tsinci ɗaya ya kai faɗin tafin hannuna, gefensa ja jawur tsakiyarsa da sauran kore a bin jijiyoyin. Kurege masu toka-toka suna ta haƙa ƙasa suna binne abinci ko kallona ba sa yi. Da na fito farfajiyar sai ga birnin gaba ɗaya a ƙasa, dogayen benaye, bayansu kogin Saint-Laurent da gadojinsa, rana ta bugi gangaren dutsen duk ya kama kamar garwashi. Wallahi na daɗe a tsaye ina tasbihi. Ƙarfe tara da rabi ina zaune a zauren taro. Ganyen nan yana cikin littafina har yau.

Hutun abincin rana kuma na tsohon gari ne, don Palais des congrès a bakinsa yake, tashar Place-d'Armes ma a jikin ginin take. Minti biyar a ƙafa ka isa dandalin Place d'Armes da cocin Notre-Dame da aka gina a shekarun 1820, ka gangara titin Saint-Paul mai daɓen duwatsu har tsohuwar tashar jiragen ruwa, ka dawo cikin awa ɗaya. Nan aka kafa garin a 1642 da sunan Ville-Marie. Ranar da ake ruwa akwai hanyoyin ƙarƙashin ƙasa da suke kira RÉSO, sun kai kilomita 30 da wani abu, sun haɗa zauren taron da tashoshi da kantuna, amma saurin ɓata mutum gare su, ka riƙa bin alama.

Da dare ɗaya ka je Jardin botanique, babban lambun tsirrai na garin, tashar Pie-IX a koren layi, kusa da filin wasan Olamfik na 1976. A Satumba da Oktoba suna kunna fitilu a lambun Sin da na Japan da na 'yan asalin ƙasar, sunan abin Jardins de lumière, ana sayen tikiti da lokaci a intanet tun da wuri. Shi duhu ma yake so, bai ci maka taro ba.

Abu ɗaya da ba na so ka taɓa: lokacin da aka ba ka na tsayawa gaban fostarka. Ka tsaya daga farko har ƙarshe ko da mutum biyu ne suka zo. Haɗin gwiwar bincike mafi amfani da na taɓa samu a gaban fosta aka fara shi, da wata farfesa da ta tsaya tana tambayata yadda muke bin marasa lafiya da ba su da lambar waya tsayayya. Asibitinku ko wanda ya biya maka kuɗi don wannan ya tura ka, amana ce.

Tunda likita ne kai

Garin nan yana da tarihin aikinmu, kuma duk a gindin dutsen yake, kana iya haɗa shi da saukowarka. Jeanne Mance, ma'aikaciyar jinya da ke cikin waɗanda suka kafa garin, ita ta kafa asibitin Hôtel-Dieu a shekarun 1640, akwai gidan tarihinsa a titin des Pins da kayan aikin tiyata da na haɗa magani na da. William Osler a Jami'ar McGill ya gama karatun likita a 1872, kuma ya bar mata littattafansa, su ne tushen laburaren tarihin likitanci mai sunansa, sai dai ka tuntuɓe su kafin ka je. Sama kaɗan a titin University ga cibiyar ƙwaƙwalwa da Wilder Penfield ya kafa a 1934, inda ya riƙa yi wa masu farfaɗiya tiyata suna farke yana taɓa sassan ƙwaƙwalwa da 'yar wutar lantarki yana tambayarsu me suka ji, daga nan aka samu zanen mutumin nan mai ƙaton hannu da leɓe da muka haddace a aji biyu. Asibiti ne mai aiki ba wurin yawo ba, amma tsayawa a ƙofarsa kaɗai ya taɓa ni. Ka lura gidajen tarihi da yawa ba sa buɗewa ran Litinin, kuma Litinin ta biyu a Oktoba hutun godiya ne a Kanada.

Cikakken yinin da ka ƙara

Zaɓi uku ne. Na farko birnin Quebec, wajen kilomita 250, awa uku da ɗan kai a jirgin VIA Rail daga Gare Centrale, ko a bas. Samuel de Champlain ya kafa shi a 1608, har yanzu da ganuwarsa, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa tsohon garin a jerin wuraren tarihi na duniya a 1985. Ka yi tafiya a dandamalin katako na Dufferin gaban otal ɗin Château Frontenac kana kallon kogi, sannan ka fita bayan gari kaɗan zuwa Montmorency, inda ruwa ke zubowa daga tsayin mita 83, ya fi Niagara tsayi da kusan mita 30 duk da bai kai ta faɗi ba ko kusa, akwai gada a samansa da ake bi a ƙafa. Kaga ka samu abin nuna wa abokan naka. Na biyu Mont-Tremblant, wajen kilomita 130 arewa, daji da tafki da keken igiya mai hawa dutse, amma a tsakiyar Oktoba sau da yawa ganyen can ya fara zuba, kuma ba mota abin da wuya. Na uku ka zauna a Montreal ka huta ka zaga a hankali.

Ni Quebec zan ce maka, da sharaɗi: jirgin farko na safe, ka sayi tikitin dawowa tun kafin ka tafi, kuma tun da wuri don farashin yana hawa in rana ta matso. In guzuri bai kai ba kada ka ji komai, na ukun ba asara ba ne, ka bi gefen magudanar Lachine a ƙafa daga kasuwar Atwater, itatuwa ne jere a bakin ruwa kuma kyauta. Hayar mota ban ba ka shawara ba a zuwan farko. In kuma ka shiga daji ko doguwar ciyawa a kudancin lardin, ka duba jikinka da dare saboda kaska, akwai cutar Lyme a yankin kuma kaskar tana nan har kaka.

Harshe, ciki da salla

Rashin Faransanci ba zai hana ka komai ba a tsakiyar Montreal, a kanti ma za ka ji ana tarbarka da "Bonjour, hi", ka amsa da wanda ka iya. Amma su mutane ne masu kishin harshensu, tun 1977 suke da dokar da ta sa Faransanci gaba a aiki da allunan kasuwa, to ka fara da bonjour ka rufe da merci, za ka ga fuska ta sake. A birnin Quebec Turancin ya fi ƙaranci. Ko 'yan'uwanmu na Nijar da suka yi boko da Faransanci sukan ɗan daburce da lafazin can, kuma a wurinsu déjeuner karin kumallo ne, dîner na rana, souper na dare.

Kalmomin da za ka haddace saboda ciki: porc, jambon, lardons, bacon, saindoux, duk alade ne ko kitsensa. Wake da suke kira fèves au lard da fanken nama tourtière galibi da alade ake yi. Cidre giyar tuffa ce, kai jus de pomme za ka ce. Poutine, wato soyayyen dankali da cuku da romo, ka tambayi da me aka yi romon ko ka ci a shagon halal. Halal kuwa ba wuya, garin cike yake da 'yan Aljeriya da Maroko da Labanan, shawarma ko'ina, akwai ma unguwar da ake kira Petit Maghreb a titin Jean-Talon kusa da tashar Saint-Michel. A wajen rajistar taro ka zaɓi halal ko na ganye tun yanzu. Farashin da ka gani a rubuce ba shi za ka biya ba, ana ƙara haraji kusan kashi 15 cikin ɗari, in kuma an kawo maka abinci a tebur ana sa ran ka ƙara wa ma'aikacin wani kashi 15 ɗin, don haka duk lissafinka ka ɗora kusan kashi ɗaya cikin uku.

Salla, ga inda na yi kuskure a zuwan farko kuma ya dame ni. Mun saba da cewa gabas, sai na kalli taswirar titi na fuskanci abin da suke kira est. Ashe abu biyu ne: alƙibla daga Montreal arewa maso gabas take, wajen digiri 58 daga arewa, sannan "arewa" da "gabas" na titunan garin an ɗora su ne a kan kwanciyar kogi, ba su dace da kamfas ba. Ka yi amfani da manhajar alƙibla a waya, ka matsa kusa da taga nesa da ƙarfe. Azahar tana shiga wajen ɗaya saura ashirin, la'asar wajen huɗu saura, magariba shida da 'yan mintuna, kuma kai matafiyi ne kana da sauƙin kasaru da haɗawa. Ka tambayi teburin masu taro ko sun ware ɗakin ibada, manyan taruka sukan yi. Juma'a akwai masallaci a titin Saint-Dominique, tafiyar ƙafa ce daga zauren, ka duba lokacin huɗubarsu ka je da wuri don yana cika.

Rabin yinin ƙarshe ka kai shi kasuwar Jean-Talon, tana nan tun 1933. A Oktoba za ka tarar da kabewa tuli-tuli, wata mutum ɗaya ba ya ɗaga ta, da kwandunan tuffa kala-kala, masu sayarwa suna yanka maka ka ɗanɗana kafin ka saya. Nan za ka sayi tsarabar ruwan maple, ruwan zaƙi mai kama da zuma da ake samu daga bishiyar, na gwangwani ya fi na kwalbar ado araha kuma ba ya fashewa, ka sa shi a babbar jaka ba ta hannu ba. Tuffar ka cinye ta a can. Daga tsakiyar gari bas 747 yana kai mutum filin jirgin Trudeau dare da rana, amma titunan Montreal ba sa rabuwa da gyara da cunkoso, ka ba hanyar awa ɗaya cur, ka isa saura awa uku jirgi ya tashi. Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya, in ka sauko daga dutsen ka turo min hoto.